Wasiƙar da Aka Yanke a Rangun

Toungoo, Bama
Oktoba, 1941

Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da 'yarki Joan. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina hawa bene da kwandon wanki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gudawa da ta kwantar da ni kwanaki, wadda kowa a nan sai da ya yi ta. Mijinki Curt ma lafiya yake. Ya rame kaɗan, rana ta ƙona shi, kuma ya fara ajiye gashin baki wanda ba na jin za ki yarda da shi.

Kin ce in gaya miki ainihin abin da muke yi, tunda Curt ba ya rubuta komai sai "ina lafiya, ki gai da kowa". To ga shi. A takarda mu ba sojoji ba ne. Mun ajiye aikin sojan Amurka, wani kamfani ya ɗauke mu, kamfanin kuma gwamnatin Sin yake yi wa aiki. Jiragen yaƙin da za mu tuƙa, tambarin Sin ne a fikafikansu. A fasfona an rubuta cewa ni akawu ne. Curt kuwa an rubuta makaɗi, mutumin da ko a coci sai dai ya riƙa motsa baki. A jirgin ruwa wata tsohuwa 'yar mishan ta matsa masa sai ya kaɗa mata fiyano. Ya ce mata, "Ai ni ganga nake kaɗawa, Iya, kuma na baro ta a gida."

Filin da muke koyon aiki aro ne daga Turawan Ingila. Ruwa kullum, zafi kullum, ƙwari har cikin miya. Jiragen ba irin waɗanda muka saba ba ne. Hancinsu dogo ne, in za ka sauka ba ka ganin ƙasa, sai ka yi ta lissafi da zuciya. Na lalata tayar guda ɗaya a makon farko. Curt bai ce komai a gaban mutane ba, sai da muka koma ɗaki ya ce, "Auta, ƙasar nan ba gudu za ta yi ba, ka bar ta ta zo ta same ka." Tun daga ranar ban sake ɓata komai ba. Duk rukuninmu babu wanda ya kai shi hannu, kowa ya san haka.

Mun binne wani ɗan Texas makon jiya. Jirginsa ya ƙi ɗagowa daga nutso, bai ko taɓa ganin Bajapane ba. Ni da Curt muna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin.

A tashar jirgin ƙasa kin riƙe hannun rigata kin ce in kula miki da shi. Na amsa ne don kada ki yi kuka. Gaskiya shi yake kula da ni.

Ƙanenki,
Arvid

*

Hovland, Dakota ta Arewa
Disamba, 1941

Arvid,

Na sami wasiƙarka, mun gode Allah da kuna lafiya. Mu ma lafiya muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, amma ba ta daina hawa benen ba, ta ce ka zo ka hana ta. Joan ta fitar da haƙora biyu, tana cizon duk abin da ta samu. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gona tun farkon wata, sai da doki ake zuwa gari.

Ka riga ka ji abin da Japanawa suka yi wa jiragen ruwanmu a Hawaii. Yanzu mu ma muna cikin yaƙin. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda bakin mutanen garin nan ya juya. Da kaka, in na shiga shagon surukina Baba Wahl, sai masu zama gindin murhu su yi shiru, don na san cewa suke kun tafi yi wa baƙi yaƙi saboda albashi. Yanzu su ne masu miƙewa su ba ni kujera. Baba Wahl ya manna taswirar Bama a bango, tsakanin buhunan iri da igiyoyi, ya soka ƙusa a wurin da yake zaton kuke. Duk wanda ya zo sayen ko da allura ce sai ya nuna masa.

Ranar Asabar Ole mai aski ya ce masa, "To Emil, ɗan naka Basine ne yanzu ko har yanzu namu ne?"

Baba Wahl ya ce, "Ɗana ya fara yaƙin nan tun kana aske ƙeyar mutane. Kai naka yana ina?"

Ka san ɗan Ole yana Fargo yana sayar da takalma. Aka yi ta dariya, Ole ya ɗauki hularsa ya fita.

Ni ban yi dariya sosai ba. Tun da na karanta maganar fasfon nan wani abu ya tsaya mini. Matan sojoji, in abu ya faru, gwamnati ce take bugo musu waya. Ku da ba sojoji ba ne a takarda, wa zai sanar da ni? Ka tambaya, ka gaya mini.

Na saƙa muku safa kafin in ji cewa can zafi ake yi. Na ba Fasto ya kai wa masu bukata. Ka ce wa Curt ya aske gashin bakin nan, kuma ya rubuto mini fiye da layi uku. Mama ta ce ka riƙa tafasa ruwa kafin ka sha.

Yayarka,
Marlys

*

Rangun, Bama
Janairu, 1942

Yaya Marlys,

Ina gaishe ku duka, da fatan Mama da Joan suna lafiya. Ni ina nan da raina, ban ji ko ƙwarzane ba. Barci ne kawai ba na samu. Ban sami wata wasiƙa daga gare ki ba tun da aka kawo mu nan, an ce jakunkunan suna zagayawa ta Afirka yanzu. Akwai kuma wani Baturen Ingila da yake karanta duk abin da muka rubuta da almakashi a hannu, don haka ba zan tsawaita ba.

Tun kafin Kirsimeti jiragen Japan suke zuwa mana. Suna zuwa da yawa, mu kuma ba mu da yawa. Muna tashi, mu hau sama da su, mu faɗo a kansu, mu yi harbi, mu wuce. In aka sauka a sha shayi, a jira ƙararrawa ta sake kaɗawa. Garin ya watse. Shaguna a buɗe babu masu su, karnuka sun cika titi, mutane suna ta tafiya arewa da kaya a ka. Curt ne yake jan mu a yawancin fitar, ya kaɗo musu jirage fiye da kowa a rukuninmu.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Ranar [an yanke nan] muka haɗu da su a saman [an yanke nan]. Ina bayan Curt lokacin da aka sami jirginsa. Ya kama da wuta. Na bi shi ina kallo har ya faɗa cikin wata gonar shinkafa, ban iya tsayawa ba don akwai biyu a bayana.

[an yanke nan]

Don haka ba ya tare da mu yanzu. Ni na haɗa kayansa a akwati, yana ƙarƙashin gadona, zan aiko da shi in hanya ta samu. Shugaban rukuninmu ya ba ni matsayin Curt. Ban so ba, amma babu wani.

Kada ki tambaye ni fiye da haka, Yaya. Ban iya maganarsa ba tukuna. Ke za ki san yadda za ki gaya wa Baba Wahl, ni ban san ta ina zan fara ba.

Ƙanenki,
Arvid

*

Hovland
Maris, 1942

Arvid,

Ina fata wannan ta same ka lafiya a duk inda kake, tunda rediyo ya ce Rangun ta faɗi. Mama ta yi mura mai ƙarfi amma ta tashi. Joan lafiya, ta fara tsayawa in ta dafa kujera.

Wasiƙarka ta Janairu ta iso ƙarshen watan jiya. Tsakiyarta rami ne, ina iya zura hannuna ta ciki. Na karanta abin da ya rage a tsaye a gidan waya, na ninke, na sayi gishirin da Mama ta aike ni, na koma gida. Sai da na ajiye gishirin na gaya mata.

Na yi kwana biyu ban je wurin Baba Wahl ba. Na ce wa kaina ai ba ka rubuta kalmar ba. Amma ka ce wuta, ka ce ya faɗa, ka ce ba ya tare da ku, ka ce ka haɗa kayansa. Kuma shi bai rubuto ba tun Nuwamba. Na kai wa tsohon wasiƙar a shago. Ya sa tabarau ya karanta, ya ɗaga ta wajen taga yana kallon ramin. Ya ce, "To." Ya sallami masu zama, ya rufe shago, ya raka ni har gida.

Na rubuta wa kamfanin nan naku a New York. Suka amso cewa ba su da wani labari a kan Curtis Wahl, kuma takardu daga Bama ba sa isowa. Na je ofishin soja a Fargo, wani yaro mai sabon kaki ya ce mini mijina ba ya cikin littafinsu.

Baba Wahl ya ce ba zai bar ɗansa ya tafi kamar kare ba, babu addu'a. Aka yi taro a coci Lahadin da ta wuce. Ban taɓa ganin cocin nan ya cika haka ba, har daga garuruwan kusa an zo. An kawo tuta, yaran makaranta sun yi waƙa. Jaridar gundumarmu ta buga hotonsa na makaranta a shafin farko, ta ce shi ne ɗan gundumar na farko da ya ba da ransa. Ole mai aski ya yi kuka fiye da kowa. Ni na zauna a gaba da baƙar rigar Mama da aka rage mini. Ina ta jiran in ji wani abu, ban ji komai ba sai ƙaiƙayin wuyan rigar.

Yanzu ina taya Baba Wahl a shago da safe, don ya fara kuskure wajen awo. Mata suna kawo mana abinci har ya yi yawa.

Ka ce kada in tambaye ka, amma zan tambaya. An same shi? An binne shi? A ina, kuma wa ya yi masa addu'a? Ya daɗe a cikin wutar? Ka rubuta mini ba tare da sunan gari ko rana ba, don mai almakashin ya bar mini shi. Watarana Joan za ta tambaye ni.

Ka kula da kanka. Mama ba za ta iya ɗaukar na biyu ba.

Marlys

*

WAYAR TANGARAHO
Kunming, Sin, Mayu 1942

CURT YANA RAYE. NA GAN SHI JIYA. LAFIYARSA LAU. WASIƘA TANA TAFE. ARVID.

*

Kunming, Sin
Mayu, 1942

Yaya Marlys,

Ina gaishe ki, ina gai da Mama da Joan. Ni lafiya, zazzaɓin sauro ya taɓa ni sau ɗaya ya sake ni. Mun baro Bama gaba ɗaya, muna cikin Sin yanzu. Wasiƙunki biyu, ta Disamba da ta Maris, rana ɗaya suka iso. Na karanta ta farko ina dariyar Ole, na buɗe ta biyu. Wannan zan ba wani matuƙin jirgin kaya ya jefa ta a Indiya, babu almakashin da zai taɓa ta.

Ga abin da aka yanke. Curt ya sauke jirgin a kan cikinsa cikin taɓon gonar, yana ci da wuta. Murfin da ke rufe matuƙi ya maƙale, ya ƙi buɗewa. Manoma ne suka fasa shi da fartanya suka jawo shi. Wuyan hannunsa kawai ya ƙone. Suka kawo mana shi a keken shanu, yana zaune a baya yana cin ayaba. Muka yi ta murna.

Da likita ya sallame shi, aka ba shi wani jirgi. Ya hau, ya zauna, makanike ya jawo murfin ya rufe. Sai muka ga ya buɗe, ya sauko, ya yi amai a gindin taya. Washegari ya sake gwadawa, haka aka yi. Ya je wurin shugabanmu ya ajiye tabarau da hularsa a tebur, ya ce ba zai ƙara tashi ba. A lokacin matuƙa sun yi mana ƙaranci ƙwarai. Shugaban ya lallashe shi, ya zage shi, daga baya ya soke sunansa, aka rubuta cewa ya bar aiki a bakin daga. Ya fita da rigar jikinsa ya bi ayarin motoci zuwa arewa. Haushinsa nake ji lokacin da na rubuta miki, shi ya sa na ce kada ki tambaye ni.

Da na gama karanta wasiƙarki na fita nemansa. Na same shi a bayan wani asibitin mishan a gefen gari, yana wanke jini daga bayan babbar mota. Ashe tun Fabrairu yake yi musu direba, yana kwaso masu rauni daga hanyar Bama. Na san hanyar daga sama. Jiragen Japan suna bin ta suna harbin duk abin da ya motsa.

Na ce, "Kai da ka ce ba za ka iya ba, me kake yi a hanyar da ta fi sama haɗari?"

Ya ce, "Mota ƙofarta tana buɗewa, Auta."

Na miƙa masa wasiƙarki. Ya goge hannu ya zauna a kan taya ya karanta har ƙarshe. Da ya zo wurin Ole ya yi dariya kaɗan. Ya tambaye ni, "Baba ne ya sa aka kawo tutar?" Na ce haka kika rubuta.

Can ya ce, "To ka bar shi haka mana. Tsohon ya sami ɗan da yake so. Marlys yarinya ce, za ta yi wani auren."

Na ce masa yayata ce, ba zan bar ta cikin baƙar riga saboda shi yana jin kunya ba. Ya ce ba ni da ikon tono shi. Na ce in yana so ya hana ni, ofishin waya yana nan, ya zo ya tare ƙofa. Bai biyo ni ba.

Na tambaye shi ko wani abu ya gani, ko wani dalili ne da zan iya gaya muku. Ya ce, "Babu wani dalili. Tsoro ne. Ka rubuta haka, kada ka yi masa ado."

Ya fara rubuta miki sau da yawa, ya nuna mini takardun, babu wadda ta wuce gaisuwa. Ya aske gashin bakin.

Ƙanenki,
Arvid

*

Hovland
Yuni, 1942

Arvid,

Muna lafiya, da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Joan tana tafiya yanzu, har tana bin kaji. An gama shuka, alkama ta fito da kyau.

Wayarka ta riga wasiƙar da kusan wata guda, kuma watan nan ya fi kowane daɗi a garin nan. Mai gidan waya da kansa ya kawo ta shago a guje. Baba Wahl ya zauna a kan buhu yana ta shafa takardar. Aka kaɗa ƙararrawar coci ranar Talata. Jarida ta sake buga hoton, ta ce jarumin ya tsira. Kowa ya ɗauka yana asibiti ne, ko yana hanyar komawa jirginsa.

Sai wasiƙarka ta zo. Na karanta wa tsohon ita a ɗakin ajiya, mu biyu. Da na gama ya ce in maimaita wurin teburin. Na maimaita. Ya ce, "Za mu ce rauni ne ya hana shi tashi. Ai ya ƙone." Na ce masa ni ba zan bi gida gida ina ba da labari ba, amma duk wanda ya tambaye ni zan faɗi abin da ya faru. Matar Fasto ta tambaye ni ranar Alhamis. Kafin Lahadi kowa ya ji. An daina kawo abinci. Baba Wahl ya cire taswirar, kuma ba ya yi mini magana sai ta aiki.

Ban san abin da nake ji game da Curt ba. Wani lokaci in na tuna ya ce ka bar ni haka, sai in ji kamar in jefi bango da kwano. Amma ka gaya masa wannan, kalma da kalma. Na yi zaman takaba na wata uku, na san yadda yake, ba na sha'awar ƙari. Ya dawo gida. In gidan ubansa bai karɓe shi ba, ɗakin saman Mama yana nan.

Kai kuma yaushe kwantiraginka zai ƙare?

Marlys

*

Kunming
Yuli, 1942

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka, ina lafiya. A gaggauce nake.

An rushe rundunarmu, sojan Amurka sun karɓi aikin. Yawancin mutanenmu sun tafi gida. Ni na sa hannu na zauna, sun ba ni kaki da anini. Ki lallashi Mama. Na saba da wurin, kuma sababbin yaran da aka kawo ba su san komai ba.

Na karanta wa Curt saƙonki. Ya ci gaba da ɗaure taya. Bayan kwana kaɗan ya zo masaukina ya karɓi akwatinsa. Saboda abin da aka rubuta a takardarsa, ba a ba shi gurbi a jirgin soja ba, sai likitan mishan ne ya nema masa hanya zuwa Indiya. Daga can zai nemi jirgin ruwa, ko da aikin wanke kwano ne. Na raka shi fili. Da zai shiga jirgin kayan ya tsaya a ƙofa, fuskarsa ta yi fari, sai ya roƙi a bar shi ya zauna kusa da ita. Na tsaya har suka tashi.

Arvid

*

Hovland
Nuwamba, 1942

Arvid,

Da fatan kana lafiya. Mun ga hotonka da kakin, Mama ta sa shi a kan rediyo, ta ce ka rame. Ita tana nan, ƙafar ta dawo da sanyi. Joan ta iya cewa "a'a", kuma ba ta faɗin komai sai shi.

Curt ya iso a watan Satumba, da jirgin ƙasa na rana. Ni kaɗai ce a dandamali, da Joan. Baba Wahl ya kawo mu a motarsa amma bai fito ba. Curt ya sauko da akwati, ya tsaya, na tsaya. Joan ta ɓuya a bayan siket ɗina. Ya ce, "Kin yanke gashi." Na ce, "Tun bara." A mota uban ya ce masa, "Ka iso," shi kuma ya ce, "Na iso, Baba." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan har tsawon wata guda.

Ya zauna a ɗakin saman Mama, ya sami aiki a rumbun alkama. Ba wanda ya zage shi a fuska. Gaisawa ce kawai ba a yi. Wata rana wani ya ajiye farin gashin kaza, alamar matsoraci, a aljihun kwat ɗinsa, ya kawo wa Joan ta yi wasa da shi. Yana barci da taga a buɗe duk sanyin nan, sai na ƙara bargo.

Akwai abin da ban sani ba sai a watan jiya. Ashe tun a Maris Baba Wahl ya yi odar dutsen kabari daga Minnesota, bai gaya wa kowa ba. Daga baya ya rubuta a fasa aikin, amma an riga an sassaƙa. Jiragen ƙasa duk suna ɗaukar kayan soja, sai yanzu aka samu aka turo shi. Mai tasha ya aiko a zo a ɗauka, ya tare masa hanya. Tsohon ya tafi shi kaɗai, ya kasa ko motsa shi. Ina shago na ga Curt ya fito daga rumbu ya tsallaka titi. Na bi shi. Rabin garin ma sun fito ƙofar shagunansu.

Dutsen yana tsaye cikin katako, fuskarsa a waje. Sunansa cikakke, shekarar haihuwa, 1942, da hoton fikafikai a sama. Curt ya tsuguna ya karanta.

Ya ce, "Mai kyau ne, Baba. Ka kashe kuɗi."

Tsohon ya ce, "Kama can. Ka durƙusa da gwiwa, kada ka karya bayanka."

Suka ɗaga shi tare, suna nishi, suka ɗora a mota. Ole ya taho zai sa hannu, Baba Wahl ya ce, "Bar shi, ni da ɗana mun isa." Suka kai shi bayan shago suka kifa shi a ƙasa. Ranar tsohon ya zo gidan Mama ya ci abinci tare da mu.

Mako biyu bayan haka takardar ɗaukar soja ta zo wa Curt. Tunda a littafinsu bai taɓa zuwa yaƙi ba, sun kira shi kamar kowa, sojan ƙasa, ba ko igiya. Likitansu ya duba wuyan hannunsa ya ce ba komai. Bai nemi a ɗaga masa ba. Ya ce ƙasa ce, zai iya. A teburin abinci ya ce wa uban, "Ka ajiye dutsen nan, Baba, kada a yi asara. Lamba ɗaya ce za a gyara." Babu wanda ya yi dariya, Mama ta tashi ta shiga kicin.

Ya tafi ranar Litinin. Wannan karon tsohon ya fito daga mota, ya riƙe masa akwati har bakin tarago.

Ranar Talata na je buɗe shago na tarar ba kowa a gaba, sai ƙarar guduma daga baya. Na leƙa. Baba Wahl ne, ya cire kwat cikin sanyin nan, ya juyo da dutsen, yana dukan sa. Dutsen yana da tauri, shi kuma ya tsufa, kowane bugu sai ɗan ɓarɓashi ya fita. Na koma na yi ta sallamar masu saye, duk wanda ya shigo yana jin ƙarar, ba wanda ya tambaya. Sai bayan azahar ya shigo, tafin hannunsa duk ya fashe. Ya ce in ba shi kofi, ya kuma tambaye ni ko na san adireshin sansanin da aka kai Curt.

Na rubuta masa a takarda. Ga shi kai ma na sa maka a ƙasa, ka rubuta masa in ka sami lokaci.

Yayarka,
Marlys